Jakar da Tela Ya Goya

Kowace Asabar ta farkon wata, tun masu shayi ba su gama hura wuta ba, 'yan keke kan taru a ƙofar shagon Musaddiq Tela da ke Gada Biyu. Ba su da yawa. Wani watan su kai goma sha biyu, wani watan bakwai. Akwai malaman makaranta a cikinsu, akwai 'yan kasuwa, akwai Nonso mai gyaran keke wanda bakinsa ba ya hutawa. Ba su taɓa zaɓen shugaba ba, amma da zarar an bar kwalta an shiga burji, bayan Musaddiq kowa yake bi, domin shi ya san inda kowace 'yar hanya ta nufa.

A cikin hanyoyin nan akwai wadda suka fi ƙauna, ita ce wadda ta ratsa gonar Baba Hezekiya, can bayan duwatsu idan an saki titin Rukuba. Ba hanyar kowa ba ce. Shekara shida da suka wuce ruwan sama ya tsare Musaddiq a wurin shi kaɗai, ga taya ta yi faci, dattijon ya shigar da shi gida ya hura masa wuta ya ji ɗumi. Daga nan zumunci ya ƙullu, har ya zama Musaddiq ne ke ɗinka wa Mama Suzana, matar Baba, ankon zumuntar mata na cocinsu. Ranar da ya nemi izinin zuwa da abokansa, dattijon ya ɗauki sandarsa. Ya ja shi suka hau wani dutse, ya nuna masa tsallaken kwari, inda babu komai sai ramuka da tarin jar ƙasa.

"Da can gonaki ne," in ji shi. "Wani baƙo ya wuce ya ɗebi yashin rafi a aljihu, aka gwada aka ga akwai kuza. Ba a yi wata uku ba masu haƙa suka cika wurin. Yanzu ko akuya ba a sakewa a can, rami za ta faɗa. Ku zo ku wuce ku sha iska, Tela. Amma kada wani ya ɗauki komai daga ƙasar nan, ko tsakuwa ɗaya. Ni ban san su ba, kai na sani. Duk wanda ka kawo, kai ne."

Musaddiq ya ba shi hannu a kan haka. Tun daga ranar, ko gwaba ba a tsinka a gonar sai an miƙo musu.

A Asabar ɗin farkon Oktoba, damina tana shirin sallama, Lukuman ya iso da baƙo. Lukuman ba wani ba ne a wurin Musaddiq. Benci ɗaya suka zauna a firamare, shi ne babban abokin ango ranar aurensa, kuma tare suka sayi kekensu na farko. Yanzu yana da shagon kayan gini a Tina Junction, ya yi ƙiba kaɗan, amma ba ya fashin fita.

"Wannan Ashraf ne," in ji Lukuman. "Ƙanin wani abokin cinikina. Likita ya ce ya rage tumbi."

Ashraf ya gaisa da kowa cikin ladabi. Mutum ne mai kimanin shekara talatin da biyar, da sabuwar hular kwano, da baƙar jakar goyo, da keken da ko ledar jikinsa ba a gama ɓarewa ba.

"Oga, wannan keke naka ko leda ba ka cire ba," in ji Nonso yana murza masa birki. "Da yamma za ka mayar wa mai shago, ko?"

Aka yi dariya, har da baƙon. Musaddiq ya ja Lukuman gefe, kamar yadda yake yi wa duk wanda ya zo da sabon mutum.

"Ka gaya masa ƙa'idar gonar Baba?"

"Haba Tela, ni za ka tambaya? Na gaya masa tun jiya, har na maimaita masa a hanya."

"To shi ke nan. Baƙonka ne, kai za ka riƙe shi a baya."

Su tara suka tashi. Suka bi titi a jere, suna kauce wa 'yan Keke Napep da motocin da ke tafiya Farin Gada da lodin kabeji, har gidaje suka fara ƙaranci, sannan Musaddiq ya ɗaga hannu suka karya kwana suka sauka daga kwalta. Nan take hayaniya ta yanke. Sai ƙarar taya a kan tsakuwa da kukan tsuntsaye. Ciyawa ta yi tsawo tana shafar gwiwa, raɓa tana jiƙa musu safa. Duwatsu a dama da hagu sun hau kan juna kamar wani ne ya zauna ya jera su, wani ƙaton yana tsaye a kan ɗan ƙarami, ka rantse iska za ta tura shi, alhali tun kakannin kakanni haka yake. Suka ratsa wani ƙauye ta tsakanin shingayen kerana, mata suna shanya wake a kan falalen dutse, aka ɗaga musu hannu suka ɗaga. Gaba kaɗan acca ta nuna, gona bayan gona ta yi ruwan ɗorawa.

Wannan sa'ar ce Musaddiq yake jira wata guda cur yana duƙe a kan keken ɗinki. Wuyansa kan saki, idonsa da ya gaji da ramin allura kan sami nisan da zai kalla.

Da suka tsallake rafin da ke iyakar gonar Baba Hezekiya, ya tsaya ya ƙirga kawuna. Bakwai. Sun yi kusan minti goma kafin Lukuman da baƙonsa su ɓullo.

"Sarƙa ce ta zame," in ji Lukuman.

"A sabon keke?" in ji Nonso. "Kawo in gani."

"Na riga na mayar. Mu je."

A bakin tsohon kududdufin da Baba ke ban-ruwan tumatir da shi, aka sake jiransu. Wannan karon jijiya ce ta riƙe Ashraf a ƙafa. A gindin dogayen itatuwan turare kuma ya ce zai zagaya. Musaddiq bai kawo komai a ransa ba. Ya sha ganin sabon shiga, ya san ranar farko ba ta da daɗi, shi ma ya taɓa yin amai a kan tudu. Sai ma ya ji daɗin yadda Lukuman ya haƙura da mutumin bai bar shi ba.

Daga nan saura hawa ɗaya a isa gidan, amma hawa ne mai sa mutum ya tuna zunubansa, in ji Nonso. 'Yan ƙungiyar suna da al'ada a kansa: duk wanda ya riga ya kai sama yakan dawo da ƙafa ya karɓi kayan wanda ya gaza, kuma ba a cewa a'a. Musaddiq ya kai, ya jingine kekensa, ya waiwaya. Ashraf yana can tsakiyar tudun ya sauka yana turawa, gumi ya wanke masa fuska, numfashinsa ana jin sa daga nesa. Wannan gajiyar ta gaske ce. Musaddiq ya gangara.

"Kawo jakar, ɗan'uwa."

Ashraf ya riƙe igiyar da hannu biyu. "A'a, Malam, na gode. Zan iya."

"Ba a gardama a nan. Kawo."

Baƙon ya juya ya dubi Lukuman. Lukuman ya dubi saman tudun inda rufin gidan ya fara leƙowa, sannan ya ce, "Ba shi mana. Al'adarmu ce."

Musaddiq ya saɓa jakar, sai da ya ɗan tanƙwara. "Kai! Turmi ka zuba a ciki?"

"Ruwa ne da kayan gyara," in ji Ashraf.

"To wata mai zuwa ka bar rabinsu a gida. Nonso yana nan, shi ne kayan gyaranmu."

Haka ya haura da ita, yana jin wani sanyi-sanyi yana ratsa masa riga a gadon baya. Ya ɗauka gorar ruwa ce ke yoyo.

Baba Hezekiya yana tsaye a ƙofar gida da sandarsa, ya ji su tun suna kwari. Mama Suzana ta riga ta shimfiɗa tabarmi a gindin mangwaro, ga tukunyar gwaten acca tana tururi, har ta fara zubawa a kwanuka.

"Ga 'yan birni, ga 'yan birni!" in ji ta. "Tela, ankonmu fa? Taro saura sati biyu."

"Mama, saura hannu uku kawai. Laraba za ki gan shi."

"Haka ka ce min wancan watan." Ta zagaya bayansa tana dariya, sai ta tsaya. "Me ya ɓata maka riga haka? Kamar ka kwanta a murhu."

Ta kai hannu za ta kakkaɓe. Baba Hezekiya, wanda ya matso don ya taya shi sauke jakar kamar yadda yake yi wa kowane baƙo, ya kama igiyarta ya ɗaga. Hannunsa ya tsaya a sama. Yana saurayi ya yi shekaru yana wankin kuza a kwari, kuma hannun da ya yi wannan aikin ba ya manta irin nauyin nan. Ya ajiye jakar a hankali. Ya dangwali baƙin da ke jikin rigar Musaddiq, ya murza tsakanin yatsu biyu, ya kai kusa da ido.

"Buɗe, Tela."

Musaddiq ya durƙusa ya zuge zif ɗin, yana murmushi, bai san abin da ake nema ba. Gorar ruwa guda ɗaya ce a sama. A ƙarƙashinta ledoji biyar, kowace an ƙulle bakinta an manna mata takarda mai lamba. Ɗaya ta fashe, jiƙaƙƙen baƙin yashi ya malale a gindin jakar. Akwai kuma ɗan ƙaramin shebur mai naɗewa, da laka a bakinsa.

Cokulan da aka fara ɗauka suka koma cikin kwanuka.

"Jakar wa ce?" in ji dattijon. Bai ɗaga murya ba.

Musaddiq ya dubi Lukuman. Jira yake ya ga abokinsa ya miƙe ya ce, ni ma ban sani ba, an yaudare ni. Ko da ƙarya ce, a wannan lokacin da ya karɓa. Lukuman yana kallon kwanon gwatensa kamar an rubuta wani abu a ciki.

Ashraf ne ya gyara murya. Gajiyar ta sake shi, har muryarsa ta canza.

"Baba, tawa ce, kuma ba abin tashin hankali ba ne. Ni ma'aikacin wani kamfani ne, muna da takardunmu, ba irin masu haƙan ɓarauniyar hanya ba ne. Gwaji kawai za mu yi. Idan an samu, ai ku za ku fara amfana. Mun so mu zo ta ƙofa, sai Alhaji Lukuman ya ce ba kwa sauraron kowa a kan maganar nan, ya ce ba a shiga gonarku sai ta hannun Tela."

"Sai ta hannun Tela," in ji Baba Hezekiya, yana gyaɗa kai.

Nonso ya miƙe tsaye, wasa ya bar fuskarsa. "Oga, duk inda muka jira ka, kana isowa na ga kana danna waya. Ka sa wa wuraren alama a taswira, ko? Goge ta yanzu a gabanmu."

Ashraf ya fito da wayar ya daddanna, ya nuna musu fuskarta. Babu wanda ya ce ya gamsu, babu kuma wanda ya san yadda za a tabbatar.

Musaddiq ya tashi. Ya taɓa kafaɗar Lukuman, suka koma bayan rumbu.

"Tun yaushe?"

"Tela, ka saurare ni. Yashi ne fa. Yashi! Ba gonar aka ɗauke ba."

"Tun yaushe, Lukuman?"

"Wata biyu ke nan suna bina. Manyan masu sayen kayana ne, ka san yadda kasuwa take yanzu. Kuma wallahi na ga alheri ne ga tsohon nan, dubi rufin ɗakinsa. Da na gaya maka ai da ba ka yarda ba."

"Shi ya sa ba ka gaya min ba."

"To me zan yi? Kai idan ka kafe a abu..."

"Na tambaye ka da safe a ƙofar shagona. Ka ce haba Tela."

Lukuman ya share gumi da bayan hannu.

"Bar wannan ma. Abu ɗaya nake so ka gaya min. A kan tudu, da ya ƙi ba ni jakar, me ya sa ka ce ya ba ni?"

"Na ga ya gaji."

"Kai ma kana da baya."

Wata kaza ta fito daga ƙarƙashin rumbun da 'ya'yanta, ta ratsa tsakaninsu. Lukuman ya bi ta da kallo har ta shige.

"Na ga cewa," in ji shi a hankali, "idan a bayanka take, babu mai tambaya."

Musaddiq ya daɗe yana duban fuskar nan da ya sani tun tana da majina a hanci. Ya nemi fushi a cikinsa don ya yi masa ihu, bai samu ba. Abin da ya samu wani irin sanyi ne, kamar an zare masa ƙashi. Ya juya ya koma gindin mangwaro.

Mama Suzana ta riga ta rufe tukunyarta. Baba Hezekiya ya nuna wa sauran wata hanya da ta bi ta bayan coci ta faɗa babban titi.

"Ku bi nan, ta fi kusa. Allah ya kai ku lafiya. Tela, kai ka tsaya. Ɗauki jakar."

Suka fita ɗaya bayan ɗaya suna tura kekuna. Nonso ya so ya tsaya, Musaddiq ya girgiza masa kai. Lukuman ne na ƙarshe. Ya ɗan waiwayo a bakin shinge, sannan ya bi baƙonsa.

Da ƙafa suka gangara, dattijon a gaba da sandarsa, Musaddiq a baya da kaya. Ba su sha wahalar gano wuraren ba. A gindin itatuwan turare ga ramin nan sabo, an ɗan tura ganye a kai. Biyu a bakin kududdufi, biyu a rafi. A kowane wuri Baba Hezekiya kan nuna da sanda, Musaddiq ya durƙusa ya kwance leda ya juye, ya mayar da ƙasa ya daddanna da tafin hannu. Rana ta take, rigarsa ta manne masa a jiki. Manoma biyu da ke yankan acca suka ɗago suna kallonsu, dattijon ya gaishe su da yarensu, bai yi musu bayani ba.

A rafi, bayan leda ta biyar, Musaddiq ya juya jakar ya wanke gindinta a ruwa har baƙin ya daina fita. Bai tashi daga durƙuson ba.

"Baba, wallahi ban sani ba."

"Na san ba ka sani ba. Wanda ya sani ba ya shigowa gidana yana dariya da abin a bayansa."

Musaddiq ya ɗago, wani ɗan fata ya motsa a ransa.

"Amma ka ga, ɗana," in ji dattijon, ya zauna a kan dutse ya ɗora haɓa a kan sanda, "mutumin nan ya ga wurin. Ko ya goge, ko bai goge ba, ya gani. Daga yau duk ƙarar mashin da na ji a kwari sai na fito na duba. Maƙwabtana ma dole in gaya musu, kuma za su tambaye ni wa ya kawo shi. Me zan ce?"

"Ka ce ni ne."

"Haka zan ce, don haka ne."

"Ba zan sake zuwa da baƙo ba, Baba. Mu bakwai ɗin nan kawai, waɗanda ka sani."

"Wancan mai ƙibar, shekara nawa yana cin gwate a gidana?"

"Shida."

"Kai kuma shekara nawa ka san shi?"

"Tun muna firamare, Baba."

"To ka gani. Idan kai ba ka gane ba, ni ta yaya zan gane? Ba fushi nake yi da kai ba, Tela. Idan ka ga dama ka zo ka gaishe mu, ka biyo ta babban titi kamar kowa, kai kaɗai, ƙofa a buɗe take. Ankon ma ka kawo da kanka, kada ka aiko. Amma hanyar gona ta rufu. Gobe bayan coci zan sa a dasa kerana a bakin rafin nan."

Suka haura tare a hankali, dattijon yana tsayawa yana hutawa, Musaddiq yana jiransa. A gida Mama Suzana ta miƙo masa ruwa a kofi, ya sha, ya yi godiya, ba ta tsokane shi ba. Kekensa yana nan shi kaɗai a jikin shinge. Ya jingine jiƙaƙƙiyar jakar a gindin mangwaro, ya kama kan keken zai juya.

"Tela," in ji Baba Hezekiya. "Kada ka bar min ita a nan."

Musaddiq ya dawo ya ɗauka, ya saɓa ta a baya, ya tura kekensa ya bi ta bayan coci.